An Ba Su Digirin Yara da Iyali, Ba Su Taɓa Shiga Gidan Kowa Ba

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka ɗauka, kuka iri ɗaya ake ji a nan Facebook. Yarinya ta nemi likitanci ko aikin jinya, makinta na JAMB bai kai ba, sai aka tura ta Home Economics. Uba ya fito yana cewa an zalunci 'yarsa, wai shekara huɗu za ta je ta yi tana koyon tuƙa tuwo. Jama'a su biyo shi da dariya, ana cewa ai gara ta zauna a gida babarta ta koya mata kyauta. Zan dawo kan wannan ba'ar. Abin da ya fi damuna yana cikin jami'ar ne: sharuɗɗan da aka gindaya wa wannan karatu, na shiga da na fita, ba su dace da aikin da mai digirin zai je ya yi ba. Kuma masu ikon gyara abin suna nan zaune a majalisun jami'o'inmu.

Ga wanda bai sani ba, karatun yara da zaman iyali a Najeriya bai cika tsayawa da ƙafarsa ba, a warwatse yake. Wani ɓangarensa yana cikin Home Economics, wanda wasu jami'o'i ke kira Home Science and Management. A jami'ar noma ta Abeokuta ma reshe guda ne a cikin wannan sashen. Wani ɓangaren yana tsangayar ilimi, wajen masu koyon koyar da yara 'yan ƙasa da shekarun firamare. Wani kuma yana wajen masu karatun aikin walwalar jama'a. Waɗanda suka gama su ne ya kamata a samu a ofisoshin jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi, da ma'aikatun mata, da gidajen marayu, da gidajen horon yara, da azuzuwan share fagen firamare, da cibiyoyin kula da masu tamowa. Wato wuraren da talaka ke zuwa idan gidansa ya rikice kuma ba shi da kuɗin lauya ko asibitin kuɗi.

Mu fara da ƙofar shiga. Inda aka ajiye kwas ɗin a tsangayar noma ko ta kimiyya, abin da JAMB ke nema shi ne Turanci, da Kemistiri, da Bayoloji ko Noma, da Lissafi ko Fiziks. Ku lura da kyau, kusan darussan da mai neman likitanci ke rubutawa ke nan. Shi ya sa duk wanda likitanci ya zubar, nan yake faɗowa, ko yana so ko ba ya so. A ɗaya gefen kuma, yarinyar da ta karanta Hausa da Addinin Musulunci da Gwamnati a sakandare, ta ci da kyau, tana koyarwa a Islamiyyar unguwarsu tun tana aji huɗu, ita ce ta raini ƙannenta biyar, wannan ba ta da hanyar shiga ta wannan ƙofar. Ga kuma makarantun karkara da yawa da ba su da ɗakin gwaje-gwaje balle malamin Kemistiri tsayayye. An rufe wa masu so ƙofa, an cika aji da masu jiran damar canja kwas. To wane irin ma'aikaci ake sa ran ya fito daga nan?

Na san abin da malaman sashen za su ce: akwai ilimin abinci a ciki, akwai na tufafi, kuma waɗannan ba sa yiwuwa ba da kimiyya ba. Gaskiya ne, ban musa ba. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya, su Davidson da Parry, sun yi nazari kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka alaƙanta yawansa a ƙasar Zazzau da shan kunun kanwa da yawa da kuma zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Wanda zai zauna da mai jego da surukarta dole ya san abin da kanwa ke yi wa jiki. Dole ya san abincin da ke ƙara jini, da abin da ruwa mara tsafta ke yi wa cikin jariri, da dalilin da ya sa idan aka auna damtsen yaro aka ga bai kai santimita 11.5 ba ake cewa a garzaya da shi asibiti. Amma fisabilillahi wannan kimiyya ce da za a koya wa ɗalibi bayan ya shigo, a tsara ta daidai da aikinsa. Babu dalilin mayar da Kemistirin WAEC shingen da zai hana mai sha'awar renon yara shiga. Wanda zai bi reshen abinci a nemi Kemistiri a wajensa. Wanda zai bi reshen yara da iyali a buɗe masa wata ƙofar.

Sharaɗin fita shi ne babbar matsalar, kuma a nan ne nake magana da abin da idona ya gani. Aikina ya haɗa ni da masu irin wannan digiri da ake turo wa ofis, masu bautar ƙasa da sababbin ɗauka. Yara ne masu ƙoƙari, wallahi wasu har da sakamako mai daraja ta ɗaya. Tambaye su matakai huɗu na girman tunanin yaro a wajen Piaget, za su zayyano maka tiryan-tiryan. Amma bari mace ta shigo tana kuka, an sake ta, uban ya ƙwace ɗa mai shekara biyu ya kai wa babarsa, sai ka ga mai digiri yana kallon rufin ofis. Abu uku ne ba a tilasta musu sani ba kafin a ba su takarda.

Na farko shi ne doka. Wannan matar da ta shigo tana da hakki, kuma hakkin a rubuce yake. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke aiki da ita, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗanta bayan rabuwar aure: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ciyarwa da tufatarwa suna kan uba ko da yaron yana hannun uwa. Idan ta yi wani auren, riƙon yakan koma hannun mahaifiyarta, kuma dangin uwa na kusa suna gaba da na uba a jerin. Wannan yana cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan malamai tun kaka da kakanni. Al'ada ce ta ce da an yaye yaro uba ya ɗauke abinsa, kuma mata da yawa sun ɗauka haka addini ya ce. Ma'aikacin da bai san wannan bambancin ba, abin da zai iya gaya mata kawai shi ne ta yi haƙuri. Ga kuma dokar kare hakkin yara ta tarayya ta 2003, wadda Kaduna ta yi tata a 2018, Kano ta yi tata a 2023. Ga dokar hana cin zarafin mutane ta 2015. Ga dokar gwajin lafiya kafin aure da Kano ta sa wa hannu a 2024. Ga dokar shari'o'in aure ta 1970 da ta shafi waɗanda suka ɗaura aurensu a rajista, don ba Musulmi kaɗai ke zuwa ofis ba. Wanda zai yi aiki da iyali a Arewa bai san waɗannan ba, me zai yi da digirinsa?

Na biyu shi ne sanin gidan da za a shiga, da harshen da ake yi a cikinsa. Ba na raina Piaget, mutum ne da ya zauna ya lura da 'ya'yansa uku a Siwizalan ya rubuta abin da ya gani. Mary Ainsworth, wadda ake haddace wa ɗalibanmu ra'ayinta kan shaƙuwar jariri da mai renonsa, a Yuganda ta fara aikin a shekarun 1950, tana bin gidaje 26 a ƙauyukan kusa da Kampala tana zama da iyaye mata. Su da muke haddace littattafansu gidajen mutane suka shiga. Har ma an yi irin wannan nazarin a kan jariran Hausawa: wani bincike da su Robert LeVine suka buga a 1977 ya nuna jaririn Bahaushe yakan shaƙu da mutane da yawa a gida, kuma wanda ya fi shaƙuwa da shi shi ne wanda ya fi ɗaukarsa, ko da ba uwarsa ba ce. Littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta buga a 1954 cike yake da bayanin riƙo da kunyar ɗan fari da zaman kishi daga bakin mace Bahaushiya. Enid Schildkrout ta zauna a birnin Kano a shekarun 1970 ta nuna yadda tallan yara ke riƙe da sana'ar matan kulle. Ɗalibi nawa ne aka ce sai sun karanta waɗannan kafin su fita?

Kar a ɗauka wannan maganar kishin al'ada ce kawai, aiki ne yake lalacewa. Ma'aikacin da littafi ya koya masa cewa iyali shi ne miji ɗaya da mace ɗaya da 'ya'ya biyu, idan ya ga uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, zai rubuta cewa ba ta damu da shi ba. Idan ya ga an ba wa gwaggo riƙon yarinya zai ce an yasar da ita. Abin da ya fi wannan haɗari, ba zai gane ranar da riƙo ya rikiɗe ya zama bauta ba, inda yarinyar da aka kawo daga ƙauye da sunan zumunci ita ce ta fara tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida na makaranta ita tana wanke-wanke. Ba zai san irin tambayar da ake yi wa agola ba a gaban mijin uwarsa ba. Ba zai san cewa a gidaje da yawa maganar kaka ta fi ta uwa ƙarfi a kan abin da za a ba jariri ba, don haka duk wa'azin shayar da nono zalla na wata shida da aka yi wa uwa ita kaɗai a asibiti, a ƙofar gida yake tsayawa. Sai wanda ya san al'ada ciki da bai ne zai iya cewa wannan ɓangaren a riƙe, wannan kuwa cutarwa ce a bari.

Haka maganar harshe. Kowane ɗalibin jami'a a ƙasar nan dole ya ci darasin Turanci na GST 111, ba ni da ja a kai. Amma cikin duk waɗanda aka turo mana ban ga wanda aka taɓa jarrabawa ko zai iya zaunar da tsohuwa ya yi mata bayanin tamowa da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ta gamsu ba. Jin Hausa daban, iya aiki da ita daban. Akwai hanyar da ake tambayar mace abin da ke tsakaninta da mijinta ba tare da ta rufe baki ba. Akwai kalmomin da yaro zai yi amfani da su idan wani babba ya taɓa shi inda bai kamata ba, kuma ba su cikin ƙamus. Waɗannan abubuwan koyarwa ne, kuma abubuwan jarrabawa ne.

Na uku shi ne aiki a fili. Ɗalibin likitanci ba ya fita sai ya yi shekaru a gefen gadon marar lafiya. Mai karatun lauya sai an tura shi kotu da ofishin lauyoyi. Mai karatun yara da iyali fa? Akwai SIWES, horon sanin makamar aiki na wata shida da hukumar ITF ke kula da shi. Kowa ya san yadda abin ke tafiya: ɗalibi ne ke neman wa kansa wuri, sai ka same shi a gidan burodi ko shagon ɗinki ko otal, ko a wani ofishi yana danna waya, a ƙarshe a sa masa hannu a littafi. Kundin kammala digiri kuma takardar tambayoyi ce ake bugawa, a raba wa 'yan ɗakin kwana su cike, a zana jadawali. Mutum ya gama shekara huɗu yana karanta iyali bai taɓa cire takalmi ya yi sallama a gidan wani da sunan aiki ba.

Yanzu za a ce ai laifin NUC ne, ita ke tsara manhaja daga Abuja. To mu duba. A Disambar 2022 NUC ta ƙaddamar da sabon tsarin da ake kira CCMAS, wanda ya maye gurbin BMAS. A tsarin, NUC ta riƙe kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. ASUU ta yi watsi da tsarin a 2023, ta ce an yi wa majalisun jami'o'i ƙwacen aiki, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Amma a yi lissafi: digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120, kashi 30 ɗinsa yunit 36 ke nan, wato darussa goma sha biyu ko fiye. Wannan fili ya isa a saka dokar iyali ta Musulunci da ta ƙasa, a saka tsarin reno da zumunci na mutanen yankin, a saka aiki da harshen gida, a saka zangon karatu guda cur na aiki a fili, har a samu ragowa. Duk shugaban sashen da ya cike wannan gurbin da tsofaffin darussan da ya gada, don kawai kar wani malami ya rasa abin koyarwa, sannan ya fito yana zagin Abuja, ya bar jaki yana dukan taiki.

Kuma abin da ke kan layi ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne, fiye da rabi. UNICEF ta daɗe tana maganar yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga ciki saboda sun rasa inda za su kai ɗan da ya gagare su. A Oktobar 2023 Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a auren gata. Wa aka tanada ya riƙa bibiyar waɗannan gidajen bayan an watse daga walima? A 2022 an sa hannu kan dokar kafa majalisar kula da aikin walwalar jama'a, a 2023 an kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa makaranta. Dokoki da hukumomi kam muna da su. Idan aka zo wanda zai tsuguna a gaban yaro ya gane abin da ke damunsa, nan ne ake neman mutum a rasa.

Su ma gwamnatocin jihohi ba za su fita ba. Muddin teburin walwalar jama'a shi ne inda ake jefa duk wanda aka ɗauka aiki da takardar ɗan siyasa aka rasa inda za a sa shi, jami'a ba za ta ji matsin gyara komai ba. Ranar da aka ce ba mai zama a wannan kujerar sai wanda ya karanci aikin kuma ya yi shi a fili, ranar ce sassan za su farka, ɗalibai kuma su fara neman kwas ɗin da kansu.

Na ce zan dawo kan masu ba'a. Iyaye, kwas ɗin da kuke kira na tuƙa tuwo shi ne ya kamata ya samar da wadda 'yarku za ta je wajenta ranar da aurenta ya shiga wani hali, Allah ya kiyaye. Ku maza kuma da kuke ganin karatun mata ne, almajiran da ke kwana a tasha maza ne, yawancin yaran da ke gidan horo maza ne, kuma uban da ya ƙi ciyar da 'ya'yansa ba kasafai yake sauraron yarinya 'yar shekara 23 ba. Ana buƙatar maza a wannan fagen sosai. Sai dai rainin nan jami'o'in ne suka ba shi ƙofa, tunda su suka mayar da sashen wurin sauke ragowar masu neman likitanci.

Abin da nake nema a taƙaice shi ne: a raba ƙofar shiga, mai reshen yara da iyali a karɓe shi da darussan zamantakewa, a koya masa kimiyyar da yake buƙata a ciki. A wajabta dokar iyali, a sa alƙalai da lauyoyi masu aiki su shigo aji. A wajabta zangon karatu guda a ofishin walwala ko gidan marayu ko cibiyar tamowa ko kotu, sashe ne zai nemi wurin, malami ya riƙa zuwa dubawa, kuma wanda bai yi ba ya faɗi kamar yadda ake faɗuwa kowace jarrabawa. A jarraba ɗalibi da baki, da harshen mutanen da zai yi wa aiki. Kuma a daina barin wanda bai nemi kwas ɗin ba ya cike gurbin wanda ya nema.

Ina da abokai malaman jami'a a nan, na san wasu ransu zai ɓaci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan akwai sashen da ya riga ya yi waɗannan abubuwan, don Allah a kawo jerin darussan kashi 30 ɗin nan mu gani, ni zan fara yaɗa shi, in kuma ce wa iyaye su tura 'ya'yansu can. Idan kuwa babu, to zaman majalisar sashe na gaba ga abin tattaunawa nan.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu masu kula da su da suka san aikin.